Kunun Baba Haggai

Hantsi bai daɗe da dubawa ba aka bugo waya caji ofis daga wani asibiti mai zaman kansa a Zuru. Wani tsohon soja ɗan Dabai, Baba Haggai, ya rasu a kan gadon jinya, danginsa kuma sun rutsa nas ɗin da ta yi masa allura suna neman dukanta.

Insfekta Dominic ya isa da Saje. Ya sa aka kulle nas ɗin a ofishin likita, don a daidai lokacin nan ne kaɗai wurin da hannu ba zai kai gare ta ba.

"Sukari ne ya ƙare a jininsa," in ji likita. "Ko dai an zarce masa insulin, allurar masu ciwon sukari, ko kuma an yi masa allurar bai ci komai ba. Idan na farko ne, Sista Dinah ta bar aikin nas ke nan har abada, kuma sai kotu."

Dinah na zaune, hularta a yage.

"Yallaɓai, na tambaye shi sunansa ya faɗa da bakinsa. Na auna jininsa. Na ja maganin a sirinji, abokiyar aikina ta duba ta ce daidai ne. Allurar nan ba a yin ta sai abinci na kusa, shi ya sa na tambayi ɗansa, Ebenezer. Ya buɗe kula ya nuna mini kunu da ƙosai, har tururi yake."

"Kin ga ya ci?"

Ta sunkuyar da kai. "An kira ni ɗakin haihuwa."

Insfekta ya daɗe yana kallonta. Ya sha ganin an ɗora wa ƙaramin ma'aikaci laifi don hankalin dangi ya kwanta, kuma abin ba ya barinsa barci.

Ya tarar da Ebenezer a bakin gadon mahaifinsa, an rufe gawar da zane.

"Baba ya karya?"

"Tas ya shanye, Oga. Ga kular nan. Matar nan ce ta kashe shi."

Kular babu komai. Sai dai cokalin tsohon na nan cikin ledarsa a bushe, kofinsa ma a kife, babu ɗigon kunu. Insfekta ya ɗaga zanen. Leɓɓan mamacin sun tsattsage, goshinsa kuwa yana sheƙi da mai. Ya mayar da zanen.

A gado na gaba akwai wani dattijon makiyayi, Malam Mode, wanda sa ya karya wa ƙafa.

"Baffa, yaya jiki?"

"Da sauƙi, ɗan sanda. Ni dai in ka zo kama mai laifi, je ka rugarmu, san da ya karya ni yana can yana kiwo abinai."

Saje ya tuntsire da dariya.

"Wa ke kawo maka abinci?"

"Mutanena na nesa. Amma yaron ga," ya nuna Ebenezer da haɓa, "Allah shi yi mai albarka. Jiya da marece tuwo, yau da safe kunu da ƙosai, duk ni ya juye ma. Ya ce tsoho ba shi da marmari."

"Ka ji motsin tsohon bayan allura?"

"Yaron ya ja labule. Na dai ji gado na kaɗawa, shi kuma yana ta addu'a. Na ce in kira malamar asibiti? Ya ce a'a, Baba, sauƙi ne ke zuwa."

Insfekta ya kira Ebenezer baranda, ya sa Saje ya caje shi. A aljihunsa aka sami 'yar kwalbar man zaitun.

"Wa ya ba ka?"

"Na shafawa ne kawai."

"Ni ma ina zuwa coci, Ebenezer. Na san masu ba da man nan, na kuma san abin da suke haɗawa da shi. Wa ya sa mahaifinka azumi?"

Ebenezer ya jingina da bango, ya sulale ƙasa.

"Wani mai addu'a ne a bayan gari. Fastonmu ya hana ni zuwa, na je. Ya ce ciwon Baba jifa ne, sai azumi, ba ci ba sha. Ya ce in na ga gumi da makyarkyata kada in tsorata, cutar ce ke fita. Na san Sista ba za ta yi allura ba in ba ta ga abinci ba, shi ne na nuna mata. Na ɗauka in an haɗa allura da azumi zai fi saurin tashi."

"Ya nemi abinci?"

"Ya ce in ba shi ko kurɓi ɗaya. Na ce Baba, soja ne kai, ka daure."

Insfekta ya ɗan rufe ido, sannan ya ce, "Wannan kam ina iya jin tausayinka a kai. Amma ka tsaya kana kallo 'yan'uwanka za su kashe yarinyar mutane, alhali ka san gaskiya. Saje, sa masa ankwa. Daga nan zai kai mu wurin mai man."

Dangin suka dare aka wuce da shi, babu mai iya ɗaga kai.

Insfekta ya buɗe ofishin likita da kansa.

"Sista, babu tuhuma a kanki. Kina iya tafiya gida."

Dinah ta cire yagaggiyar hular, ta gyara gashinta.

"Na gode, Yallaɓai. Amma akwai mai ciwon sukari a gado na ƙarshe, allurarta ta rana ta kusa. Duk mai nemana ya same ni can, ba zan motsa ba sai na ga ta haɗiye abincinta."