Gaisuwar Gidaɗo a Bakin Teku

Ranar da Gidaɗo ya fara ganin teku, tekun ne ya fara marinsa. A hutun tsakiyar shekara ne, farkon 2014, ɗaliban Najeriya da ke unguwar Madinat Nasr suka yi hayar bas daga Alƙahira zuwa Iskandariyya yawon buɗe ido. Suka tarar da ruwan sama da iska mai ture mutum. Kowa ya lafe jikin bango, ban da Gidaɗo, ɗan Gombe mai karatun fiƙihu, wanda ya haye dutse wai a ɗauke shi hoto. Igiyar ruwa ta taso ta maka shi da ƙasa, ta tafi da takalminsa ƙafa ɗaya.

"Ma'alish, yi haƙuri, Malam. Shi wannan ba ruwansa da karatunka."

Ya ɗago a jiƙe sharkaf. Yarinya ce doguwa cikin baƙar abaya, tana danne dariya, Hausarta da wani lanƙwasa da bai taɓa ji ba. Sunanta Widad. Kakanninta sun bar Haɗeja da ƙafa za su hajji, tafiyar ta tsaya a Sudan. Yanzu tana zaune a unguwar Faisal ta Alƙahira da mahaifiyarta Inna Mahasin da yayanta Munzir. Shi Munzir yana can gefe, ba ya kallon tsohuwar ganuwar da kowa ya zo gani, jiragen masunta yake ƙare wa kallo.

Kafin bas ya tashi Gidaɗo ya samu lambarta, da takalmi ɗaya a ƙafa da zuciya a hannun wata.

"Mai Takalmi Ɗaya, ka isa lafiya?" ta rubuto.

"Na iso, Hasken Idona. Amma rabina yana Faisal."

"Takalmin ko zuciyar?"

Haka suka yi ta yi har bazara. Ta ba shi labarin Inna, wadda ba ta taɓa ganin ƙasar Hausa ba amma kullum sai ta yi zancen mahaifinta, dattijon da ke tuɓe takalma tun daga nesa ya durƙusa in zai gai da manya. "Tun da ya rasu," in ji Widad, "ba ta ƙara ganin irin gaisuwar nan ba. Sai dai a ce mata 'izzayyik ya Hajja' da Larabci a wuce."

Da Gidaɗo ya ga maganar ta yi ƙarfi, sai ya saka kaftaninsa mai kyau ya tafi gai da Inna. Bai kai ƙofa ba. Munzir ya tare shi a matakala ya shaƙe wuyan rigarsa.

"Ɗalibi ne kai, gobe ka gama ka koma garinku. Ƙanwata Turai za ta, tare da Sada abokina, shi na ba wa ita. Khalas, magana ta ƙare!"

Ya hankaɗa shi. Gidaɗo ya gangaro har ƙasa, goshinsa ya fashe. Daga ranar wayar Widad ta daina shiga.

Da sanyi ya sake zagayowa, wani ɗan ɗakinsu ya nuna masa hoto a waya: Widad a bakin tekun Iskandariyya, daidai dutsen da suka haɗu, ga Sada tsaye kusa da ita yana washe baki. An rubuta a ƙasa, "Hutu da iyali." Kishi ya hana Gidaɗo cin abinci. Ya ji ya tsani tekun, ya tsani kansa da ya yarda da ita.

Da safe saƙo ya shigo daga baƙuwar lamba.

"Habibi, ba hutu muka zo ba. Jirgin masu fasa-ƙwauri muke jira, iska ce ta hana shi tashi. Da ta lafa za a zuba mu ciki har da Inna. Ina tsoron ruwan nan. Kullum da la'asar muna fitowa wajen dutsenka."

Ko jaka bai ɗauka ba ya nufi tashar jirgin ƙasa.

Ya same su ana tsuga ruwa. Teku yana dukan bangon titi, kumfa na tsallakowa kan motoci, wani ƙaramin kwale-kwale ya kife yana buguwa da duwatsu. Inna na zaune a ƙarƙashin rumfar mai shayi, a ƙudundune cikin mayafi, Widad na bayanta. Munzir da Sada suka miƙe tare.

Gidaɗo bai dube su ba. Tun daga nesa ya tuɓe takalmansa ya ajiye, ya tako cikin ruwan sanyi ƙafa ba komai, ya durƙusa.

"Inna, ina wuni?"

Naushin Munzir ya same shi a baki. Ya faɗi, ya tofar da jini, ya koma ya durƙusa.

"Ina gajiya, Inna?"

Sada ya tokare shi a haƙarƙari har numfashinsa ya ɗauke. Widad ta ƙwalla ƙara ta yi kansu, ta cakumi rigar yayanta.

"Wallahi sai dai ka jefa gawata a jirgin! Ni ba inda za ni!"

Munzir ya fizge. Gidaɗo ya rarrafo, ya dafa ƙasa, ya sake sunkuyar da kai, jini da ruwan sama suna ɗiga daga haɓarsa.

"Ya sanyi, Inna? Ya baƙunta?"

Munzir ya ɗaga ƙafa.

"Sauke ta." Muryar Inna ta fi iskar ƙarfi. "Ana gaishe ni, kana dukan mai gaisuwa? A gidan wa ka ga an yi haka?"

Ta juyo tana share hawaye da bakin mayafi. "Lafiya lau, ɗana. Ba gajiya. Sanyi da godiya. Ya mutanen gida?"

"Suna gaishe ki, Inna. Suna jiran ki."

Ta daɗe tana kallon kwale-kwalen da ke farfashewa. "Ubana ya kama hanyar gabas bai koma ba," ta ce wa Munzir. "Kai kuma za ka kai mu arewa cikin wannan. Ni na gaji da yin gaba. Ka ba shi ita."

Sada ya zazzage su ya tafi. Da iska ta lafa ya shiga jirgin shi kaɗai, har yau ba a ji ɗuriyarsa ba. Takalman Gidaɗo kuwa, da ya waiwaya, igiya ta kwashe su duka biyun.

An ɗaura auren bayan sallar Juma'a a wani ƙaramin masallaci a Faisal, Munzir ne waliyyi. Da aka shafa fatiha jama'a suka fito, Gidaɗo ya nemi silifas ɗinsa a bakin ƙofa ya rasa. A wurin an ajiye sabbin takalma na fata. Munzir yana tsaye gefe, kansa a ƙasa.

"Saka, surukina. In kun kai Inna Haɗeja, ka tuɓe su a madadina."

Wayar Gidaɗo ta yi ƙara a aljihu, saƙon Widad ne. "Angona, yanzu ka zama Mai Takalmi Biyu. Yalla, taho gida, Inna na jiran gaisuwarta."

Allah ya sanya albarka a auren nan, ya kai su gida lafiya ta kan tudu.