Bushiyar Bakin Taga

Ranar da Dogo kafinta ya buɗe sabon shagonsa a lungun, abin da ya fara gani a tsallaken hanya shi ne wata budurwa tsaye a bakin taga, hannuwanta biyu a sama, tsinkayen ƙarfe sun fito cako-cako ta tsakanin yatsunta. A hankali take juya wuyan hannunta, sama, ƙasa, sama.

Ya yi sallama, ta amsa. Ya ɗaga mata hannu, ba ta ɗaga ba.

"Fushi ake da sabon maƙwabci?"

"Da wane hannun zan gaishe ka? In na motsa ba daidai ba, aikin yau ya tashi a banza."

"To sannu da aiki, Bushiya."

Ta harare shi, amma dariya ta riga ta kufce mata. Daga ranar sunan ya bi ta, duk da cewa a gida Auta ake ce mata.

Babanta maƙerin duwatsun ado ne na gilashi. Yakan narkar da sandar gilashi a bakin wutar gas, ya naɗe ta a jikin tsinken ƙarfe har ta dunƙule ta zama dutsen wuya. Amma kafin gilashi ya hau tsinke, sai an tsoma tsinken a kwaɓin farar laka ya bushe sarai. Lakar ce ke hana dutse mannewa. In ta taru a gefe ɗaya ko ta tsage, dutsen ya kama ƙarfe ke nan, ba ya fita sai an fasa shi.

Sauran masu sana'ar soka tsinkayensu suke yi a gwangwanin yashi ko a tsohon kwali, su tafi harkar gabansu. Baba kuwa ko kallon wannan ba ya yi. A wurinsa yashi yana tashi ya lafe a ɗanyar laka, tsinken da aka kafa tsaye kuma lakarsa gangarowa take yi. Hannun mutum ne kaɗai ya san juyawa.

Da, matarsa ce ke riƙewa. Da ta rasu yayyen Auta suka karɓa, aure ya kwashe su ɗaya bayan ɗaya, aka bar Auta da taga.

Shagon ɗaki ɗaya ne, wuta na huci a tsakiyarsa, tsohon keken ɗinkin marigayiya yana kusurwa an jibga masa kwalaye. Tagar ma da sandunan ƙarfe a jikinta. In wannan zubin ya bushe, Baba ya miƙo wani ɗanye. Ƙawayenta sun gaji da gayyatarta ko'ina. Ko ƙaiƙayi ya kama ta, sai dai ta goga kumatu a kafaɗa.

Wayarta takan ajiye a dandamalin taga, fuskarta a sama, ta riƙa karanta saƙo da ido kawai. Dogo bai daɗe ba ya gano haka.

"Bushiyata, tun ɗazu ƙuda ke yawo a kan hancinki. In ba ki da mai kora, ina neman aikin."

Sai da yamma, bayan an rufe shago, amsa ta zo.

"An ɗauke ka. Albashin murmushi ne, shi ma ba kullum ba."

"Na yarda. A fara biya gobe da safe."

Aka kuwa fara. Kafin wani lokaci Dogo ya koma yin sanfefa a ƙofar shago yana fuskantar tagar, har ya goge gefen wata kujera ya kusa cinye ta. Ita kuma Auta, wadda da take jin yini kamar shekara, ta fara ɗokin wayewar gari. Ta kamu, kuma ta sani.

Wata safiya ya shigo da guntun katako mai ramuka jere, an goge shi sumul. Ya durƙusa ya gaida Baba.

"Baba, na ga wahalar ta yi mata yawa. Ku gwada wannan, a soka tsinkayen a ciki."

Baba ya karɓa, ya soka. Ashe ramukan sun fi tsinkayen faɗi. Suka karkace, wannan ya jingina da wancan, laka ta ɓare. Wanda ya tsira kuma, garin katakon da ya rage a rami ya hau kansa. Zubin gaba ɗaya ya lalace.

"Ɗauki katakonka," in ji Baba. "Kowa ya tsaya a sana'arsa."

Da Dogo ya tsaya nan, da da sauƙi. Amma so ya ɗebe shi, bakinsa ya riga hankalinsa.

"Baba, aurenta nake so. Kuma matata ba za ta ƙare rayuwarta a bakin taga ba."

Baba ya kashe wutar gas. Ya juyo ya dube shi.

"Uwarta a nan ta tsaya, ba ta taɓa cewa ta ƙare ba. Ka san hanya."

Auta tana jin komai, bayanta a juye, tsinkaye a hannu. Hawaye ya gangaro har bakinta, ba ta da abin sharewa.

Ta san abin da Baba ba zai faɗa ba. Hannunsa ya fara rawa. A kan benci, in ya kafa gwiwar hannu, yana iya aikin wuta kamar da. Amma ya ɗaga tsinke a iska ya juya, wannan ya wuce shi. In ta tafi, shagon ya mutu, shi kuma Baba ba ya da wata rayuwa bayan shagon. Ga ƙofa a buɗe, amma ba ta ga ta inda za ta fita ba.

A tsakanin nan Mai Kanti ya ƙara yawan zuwa. Shi ke sayen duwatsun Baba yana sarƙa da su, kuma ya daɗe yana kallon Auta.

"Ni Baba, in aka ba ni, kullum da safe za ta zo ta riƙe muku tsinke. Me za a fasa? Kowa ya amfana."

Baba bai ce e ba, amma ya fara ba shi kujera.

Wata rana da zafi ya yi zafi, Baba ya leƙa waje, Mai Kanti ya ɗebo ruwa a kofi ya kai bakin Auta.

"Sha mana, 'yan mata. Ai ba ki da hannu."

Ta kau da kai. Amma Dogo, daga tsallake, abin da ya gani kawai shi ne kofi a bakinta da mutum a gefenta yana washe haƙora. Ya ajiye zarto, ya ja ƙofar shagonsa ya rufe.

Ta so ta kira shi, ya riga ya shige. Ta so ta bi shi, ga ɗanyar laka a hannu. Ko ture kofin ba ta iya yi ba. Ba ta taɓa tsanar tsinkayen nan kamar ranar ba.

Da Mai Kanti ya fita, ta sunkuya kan wayar, hannuwa a sama, ta fara danna haruffa da kan hanci. Ta rubuta, ta goge, ta sake, gumi na ɗiga a gilashin wayar. Da ƙyar saƙon ya tafi.

"Ban sha ba."

Aka ɗan jima, wayar ta yi haske.

"Da me kika rubuta wannan?"

Ta sake sunkuyawa.

"Hanci."

Ƙofar tsallake ta buɗe. Dogo ya tsaya yana kallonta, ita da jan hancinta, ya rasa ko dariya zai yi ko kuka. Sai ya rubuto:

"Ki yafe min, Bushiyata. Na yi wa hannunki katako ban tambayi abin da hannun yake yi ba. Gobe zan zo koyo."

Washegari ya shigo ya durƙusa.

"Baba, na yi rashin kunya, ku yi haƙuri. Ba maganar aure ta kawo ni ba. Ku ba ni tsinkayen in riƙe, ita ta huta."

Baba ya dube shi sama da ƙasa. Wataƙila so yake ya ga ƙarshen girman kai, ya miƙa masa.

Dogo mai ɗaga katakon rufi a kafaɗa ɗaya, kafin zubin farko ya bushe damatsansa sun fara karkarwa. Auta na zaune a gefe, hannuwanta a cinya kamar baƙi, tana yi masa gyara.

"A hankali. Ba fanka ba ce. Juya kafin lakar ta yanke shawarar inda za ta."

"Haka kike fama kullum?"

"Yau ma da sauƙi, akwai abin kallo."

Ya yi ta zuwa. Ya lalata da yawa, ya sha faɗa, ya dawo. A hankali ya gane cewa ba riƙon ne aikin ba, juyin ne. Ya kuma lura da hannun Baba in zai ɗauki kofi, ya kau da ido. Abin da ya ƙara lura da shi shi ne ƙafar Baba, wadda ke buga ƙasa daidai wa daida duk lokacin da yake aiki. Sai idonsa ya sauka a kan keken ɗinkin kusurwa.

Auta ce ta roƙi Baba keken. Ya dubi keken, sannan ya ce, "Kada dai a fasa mata shi."

Bayan 'yan kwanaki Dogo ya dawo da shi. Ya cire kan ɗinkin ya adana a akwati, ya ɗora faifan katako a tsaye a wurinsa. Gefen faifan duk ramuka ne, kowane an huda shi daidai kaurin tsinke, an wanke, an shafe da kakin zuma don kada gari ya tashi. Ya haɗa shi da bel yadda in an taka, faifan zai juya a hankali. Da aka soka tsinkaye suka fito ta ko'ina, Auta ta toshe baki.

"Ka yi min ƙanwa."

"Ita ba ta gajiya, amma ba ta kai ki kyau ba."

Dogo ya taka har laka ta bushe. Baba ya zare tsinke ɗaya, ya kunna wuta, ya naɗa shuɗin gilashi. Da ya huce, ya tsoma a ruwa ya murɗa. Dutsen ya sulluɓo ba gardama, raminsa fes.

Kowa ya gani. Baba ya juya dutsen a tafinsa, ya juya.

"Bai yi ba," ya ce. "Ba kamar na hannu ba."

Dogo ya buɗe baki, Auta ta girgiza masa kai. Ba ta yi fushi ba, tausayi ne ya cika ta. Tsoro ta gani a idon Baba, kuma ba za ta kunyata shi a gaban baƙo ba.

"To Baba. Bari in koma taga."

"Ungo, jefa wannan a kwandon shara."

Ya sa mata dutsen a hannu. Ta dunƙule hannun, sai dutsen ya zube ta tsakanin yatsunta, ya gangara ƙarƙashin benci. Ta ɗauko, ta sake dunƙulewa, ya sake zubewa.

Baba ya kama hannun ya kai bakin haske. Kanta ta fito a gefen kowane yatsa, yatsun sun saba da buɗewa har ba sa haɗuwa. Shekara da shekaru yana miƙa wa hannun nan tsinke, bai taɓa ganinsa babu komai a ciki ba.

"Tun yaushe?"

"Ba ya ciwo, Baba."

Ya saki hannun, ya juya baya, ya ce a rufe shago.

Da safe Auta ta ɗaura ɗankwali ta nufi wurin aikinta. Tun daga ƙofa ta ji wani sauti da rabonta da shi tun tana ƙarama, ƙarar takun keken Inna. Baba na zaune, ƙafarsa na takawa, faifai na juyawa cike da ɗanyun tsinkaye. Bakin taga ba kowa.

"Me kike jira?" ya ce, bai ɗago ba. "Ƙafata lafiyarta lau. Tsallaka ki kira min kafintan nan. Ki ce ya turo manyansa, kuma ya zo da mai, ƙafar keken na kuka."

"Baba..."

"Je ki mana. Yau kina da hannun ƙwanƙwasa ƙofa."

Mai Kanti ya ji labari, ya yi 'yan ƙorafe-ƙorafensa, sannan ya tambaya ko duwatsu za su ci gaba da fitowa. Aka ce har sun ƙaru. Nan take ya huce.

Ranar ɗaurin aure Auta ta sa sarƙa mai dutse ɗaya tak, shuɗin nan da aka ce a jefar. Yayyenta suka cika gida da dariya da tsokana. Da lokacin tafiya ya yi, Baba ya kama hannunta da nasa mai rawa, ya ɗora a na Dogo.

"Ga ta nan. Na riƙe ta fiye da yadda ya kamata. Allah ya yi muku albarka, ya ba ku zaman lafiya, ya sa kada ka taɓa cika mata hannu da abin da zai hana ta share hawayenta."

Aka shafa, aka ce amin.

A bakin ƙofa Dogo ya dubi hannun da ke cikin nasa. Yatsunta na nan a buɗe kamar kullum, suna jiran a soka musu wani abu. Ya zura nasa a tsakani, ɗaya bayan ɗaya.

"Kin gani, Bushiyata? Wannan karon na auna daidai."

Ta matse hannun, ba abin da ya zube.