Sunan da Inna Yalwa Ba Ta Taɓa Faɗa Ba

Na'urar Tantance ta buɗe idonta ɗaya tilo, ta haska fuskar tsohuwar da ke zaune gabanta. Tun da aka kafa ta a ofishin 'yan sandan Birnin Tsauni, masu bincike suka koma 'yan danna maɓalli. Ita ke auna bugun zuciya da zufa da motsin ƙwayar ido. In ta kunna kore an gaskata ka, in ta kunna ja sai dai Allah ya kyauta. Waɗanda suka ƙera ta sun san jikin ɗan Adam ciki da waje, amma da alama ba su taɓa zama a tsakar gidan kowa ba.

An kashe mai gadin tashar hasken rana da azahar ranar Talata, kyamara kuma ta kama bayan wani mai tsayin Lawwali, mai gyaran famfo, sai aka tsare shi. In la'asar ta yi yau ba a wanke shi ba, jirgin kurkuku zai wuce da shi. Sufeto Rakiya ta bincika hannunsa da tufafinsa, ba ta ga ko ɗigon jini ba. Shaidarsa ɗaya ce, mahaifiyarsa, Inna Yalwa.

"Wa ke tare da ke da azahar ranar Talata?" in ji na'urar.

"Yaron nan," in ji Inna Yalwa, kanta a sunkuye. "Yana gyara min famfo."

"Faɗi cikakken sunansa, ki dubi hotonsa."

Tsohuwar ta kawar da kai daga hoton. Nan take Rakiya ta gane. Lawwali ɗan fari ne, kuma a gidan da Inna Yalwa ta tashi, uwa ba ta kiran sunan ɗan farinta, balle ta zuba masa ido gaban mutane. Shekara talatin da huɗu tana riƙe da wannan kunya.

Rakiya ta durƙusa kusa da ita. "Inna, ki yi haƙuri. In ba ki faɗa ba, tafiya za a yi da shi."

Inna Yalwa ta damƙe gefen mayafinta. Da ƙyar ta ɗaga kai, zufa na tsatsafo mata.

"Lawwali," ta ce. "Lawwali Mamman. Ɗana ne."

Na'urar ta kunna ja. "Zuciya ta tsananta bugu. Shaidar ƙarya. A tsare mai shaida. Sufeto, ɗora yatsa ki tabbatar."

"Na faɗa fa, 'yar nan," in ji tsohuwar a hankali. "Ko in sake?"

Rakiya ta girgiza kai. "A'a, Inna. Sau ɗaya ya isa."

Ta kwance mata wayoyin na'urar, ta ɗauki biro da ɗan littafi. Saura awa biyu. Akwai maƙwabta, akwai mai shagon da ya sayar da bututu, akwai mitar ruwa da za ta nuna lokacin da aka rufe famfon. Ƙofa-ƙofa za ta bi, ko da ƙafarta za ta tsage.

"Sufeto, me ya hana ki ɗora yatsa?" in ji na'urar.

"Matar nan gaskiya ta faɗa."

Idon ya juyo kanta, ya auna zuciyarta da ke tafasa, ya kunna ja. Rakiya ta kama hannun Inna Yalwa, suka fita suka bar jar wutar tana ci.