Lungun da Gado Zai Rufe

A wani zamani, a wani gari can bayan duwatsu, an yi wata mata mai daɓe, sunanta Tabita. Duk ɗakin da ta shiga da madaɓinta, sai ta bar ƙasansa sumul kamar cikin ƙwarya.

Wata rana aka kira ta aiki a wani gida tare da wasu mata. Suka yi ta bugu, tim, tim, tim, har rana ta yi sanyi. Saura lungu ɗaya.

Matan suka ce, "Yaya Tabita, taso mu tafi, tuwo zai huce. Nan gado zai zauna, wa zai gani?"

Uwargidan ma ta ce, "Bar shi haka, baiwar Allah, hannunki duk ya yi bororo."

Tabita ta ce, "Ku yi gaba. Akwai mai leƙawa."

Ta yi ta bugu ita kaɗai, tim, tim, tim, har lungun ya yi sumul. Ta jingina da bango, barci ya sace ta.

Sai ta ga ɗakin ya cika da haske mai laushi. Wani baƙo ya shigo, da garin katako a rigarsa. Ya wuce tsakar ɗaki, ya durƙusa a lungun nan, ya shafa ƙasan a hankali. Tabita ta ga tabon ƙusa a tafin hannunsa. Nan ta gane shi: kafintan nan ne da aka gicciye.

Ya yi murmushi ya ce, "Sannu da aiki, 'yata. A nan zan huta."

Ta farka. Ba kowa a ɗakin, sai ƙamshin sabon katako.