Makullin Gidan da Toka ta Binne

Ranar da Verlyn Tuitt ta fara ganin Kelroy Fenton, tsiya ta fara yi masa. Ya iso shingen da ke tare hanyar shiga Gari da farin takalmi fes, yana ɗaga kyamara kamar mai tallarta.

"Kai Ɗan Ingila, toka za mu shiga fa, ba coci ba."

"A nan aka haife ni," ya ce yana dariya. "Ina ɗan shekara biyu aka tafi da ni."

"To takalminka bai sani ba."

Verlyn direba ce, tana cikin 'yan tsirarun da ke da izinin kai baƙi Plymouth, tsohon babban birnin tsibirinsu da kowa ke kira Gari, wanda dutse ya yi ta yi wa aman wuta har ya binne shi. Awa biyu ake ba ta. Mota kuwa ba a kashe ta, hancinta na kallon hanyar fita, kuma da zarar masu sa ido a kan dutsen sun yi magana ta oba-oba, sai tafiya.

Ta nuna masa cocin da hasumiyarsa kaɗai ta rage a waje. Ta nuna masa wani gida mai koren fenti, toka ta binne gabansa har saman ƙofa, ta ce na babanta ne. Nan oba-oba ta kira ta, ta koma mota minti goma ta bar shi yana ɗaukar hoto.

Da yamma saƙonsa ya shigo.

"Direbata, na wanke takalmin ya ƙi fita. Ke ma kin ƙi fita daga raina. Gobe akwai wuri a motarki?"

"Babu. Amma akwai a bakin teku ƙarfe biyar."

Wasa-wasa sai ga shi an yi rabin shekara ana tare. Verlyn da ba ta raga wa kowa, ita ce yanzu take duba waya tana murmushi ita kaɗai. Kelroy ya fasa komawa Ingila, har an sa Lahadin da zai zo gaban babanta da maganar aure.

Alwyn Cabey, abokin aikinta da ta ƙi soyayyarsa sau biyu, shi ya riga Kelroy isa. Ana fitowa daga coci ya miƙa wa babanta, Mista Cuthbert Tuitt, waya, ya ce, "Baba, ka ga aikin surukinka?"

Verlyn ta leƙa ta kafaɗar babanta. Bidiyo ne da Kelroy ya saka a wani zauren intanet tun makon da suka haɗu, mutum fiye da miliyan sun kalla. Ga taken da manyan baƙaƙe:

"GARIN FATALWA! Sun gudu sun bar kwanuka a kan tebur. Abin da na gani a koren gidan nan zai hana ka barci!"

Ga Kelroy yana tsallaka tagar baya. Ga teburin mamarta, faranti uku jere, toka ta lulluɓe su.

Duk ɗan tsibirin nan ya san ba a shiga gidan kowa a Gari sai da izinin mai shi, ko da rufin ya rufta. Kowa na riƙe da makullinsa. Ita ba ta faɗa wa Kelroy ba, don ba ta taɓa zaton akwai mai buƙatar a faɗa masa ba.

Da Kelroy ya zo da yamma da rigarsa mai kyau, Mista Tuitt bai ba shi kujera ba. Ya ciro makulli daga aljihu ya ajiye a tebur, yana ta ƙyalli don duk Asabar sai ya goge shi da mai.

"Kwana uku aka ce mana, yaro. Aka ce kowa ya ɗauki kayan kwana uku. Matata Ionie ta jera farantan nan ta ce in mun dawo sai zuba abinci kawai. A sansanin da aka tara mu ta rasu, shekara ta biyu. Ita ce fatalwar taka?"

"Baba, wallahi taken ne kawai, in ba a rubuta haka ba ba a kallo…"

"Ni ban gudu ba. Kulle ƙofata na yi. Wanda ya shiga gidana ta taga ba zai fita da 'yata ta ƙofa ba. Tashi ka ba ni wuri."

Verlyn ba ta bi shi waje ba. Abin da ya fi ci mata rai shi ne tunanin ko tun farko ita ce tagar da ya bi. Ta yi kuka har idonta ya kumbura, ta ƙi ɗaga wayarsa kwana shida.

A na bakwai ya rubuto.

"Verlyn, na goge shi. Ban san dokar ba, amma taken da hannuna na rubuta, kuma na san ƙarya ne. Duba abin da na saka."

Hoton gidan ne daga waje, da take ɗan gajere: "Gidan Mista Cuthbert Tuitt. Mai gidan yana raye, makullin yana hannunsa. Na shiga ba izini, ina neman gafara." Ko mutum ɗari uku ba su kalla ba. Amma a ƙasa 'yan tsibirin da ke Landan da Toronto sun yi ta rubuta sunayen titunansu da launin ƙofofinsu.

Wani saƙon ya biyo baya.

"Ba na roƙon ki so ni. Ina roƙon ki kai ni Gari gobe, kuma ki tambayar mini Baba ko zan iya taɓa tokar ƙofar gidansa. Daga waje kawai."

Da ta tambaya, tsohon ya taɓe baki ya ce, "Toka ai ba tawa ba ce, ta dutse ce."

Da shebur da baro ya zo. Tokar ta daskare kamar siminti, sai da ya haɗa da diga. Awa biyu kullum, tana zaune a mota injin a kunne. Rana ta huɗu ta ga hannunsa ya fashe yana jini a ƙotar shebur. Rana ta biyar ta ajiye masa safar hannu a kujera. Rana ta tara ta fito ta kama baro.

"Direbata, motar fa?"

"Yi aikinka, Ɗan Ingila. Kunnena na kan oba-oba."

Kwana goma sha shida kafin ƙofar ta fito har dokinta. Kelroy ya goge ramin makulli, ya ɗiga mai, amma bai taɓa marfin ba.

"Baba, ƙofarka ta fito," ta ce da babanta.

Shekara ashirin da bakwai bai taka Gari ba. Washegari ta same shi a gaban mota da kwat ɗinsa na coci.

Sun isa ke nan hadari ya haɗu a kan dutsen, warin kibiritu ya cika iska. Oba-oba ta yi ƙara.

"Verlyn, ana ruwa a saman dutse. Laka na iya saukowa ta rufe mashigar kogi. Minti goma sha biyar, ku fito."

Ta san abin da lakar nan take yi wa mota. "Baba, mu dawo gobe."

"Haka aka ce mini wancan karon."

Ya zura makullin. Ya ƙi juyawa. Ya sake gwadawa, ya ƙi. Kelroy na tsaye taku biyu a bayansa, ya rungume hannuwansa ya ƙi miƙa su. Verlyn na kallon agogo.

"Saura minti takwas, Verlyn, kin taso?" in ji oba-oba.

Ta ɗora hannunta a kan na babanta suka murɗa tare. Wani abu ya yi ƙara a ciki, ƙofar ta buɗe.

Tsohon ya shiga. Ya tsaya gaban teburin, ya share faranti ɗaya da hannun kwat ɗinsa, ya ce a hankali, "Ionie, mun dawo. Mun ɗan makara."

Daga waje aka ƙwanƙwasa ƙofar da ke buɗe.

"Gafara dai, masu gida!"

Mista Tuitt ya juyo, hawaye sun yi layi a tokar fuskarsa. "Wane ne?"

"Kelroy Fenton ne, Baba. Na zo neman gafara, na kuma zo neman auren Verlyn."

"Minti biyar!" in ji oba-oba.

"To shigo mana, ɗana. Ta ƙofa."

Ya shigo taku ɗaya, ya durƙusa. Verlyn ta daka tsawa tana kuka tana dariya, "Na amince, shi ma ya amince, ku shiga mota!"

Tsohon ya rungumo farantan, ya tsaya ya kulle ƙofarsa tsaf, sannan Kelroy ya kusan ɗaukarsa cak zuwa mota. Suna haye kogin ruwan ya fara zama baƙi a bayansu.

Bayan wata uku aka ɗaura auren a unguwar Lookout. An dafa farfesun akuya a kan itace tun safe, har Alwyn ya zo ya sha kwano biyu ba kunya. A teburin amarya faranti uku ne tsofaffi, an wanke su tas. Mista Tuitt ya zuba wa 'yarsa, ya zuba wa kansa, ya riƙe na ukun ya daɗe yana kallonsa.

"Na Ionie ne wannan," ya ce, ya cika shi ya tura gaban Kelroy. "Ci, ɗana. Allah ya yi muku albarka, ya ba ku gidan da ba za ku kulle ku bari ba."

Jama'a suka amsa da amin, Verlyn kuwa ta kama hannun mijinta mai kanta a ƙarƙashin tebur.