Muryar da Ke Cikin Rakani-kashi

Ranar da Suhaib ya fara ganin Sa'adiyya dariya ya yi mata, kuma har yau in ta tuna sai ta harare shi.

Shagonsa na gyaran waya yana cikin kasuwar Jimeta, ɗan tsukuku ne mai tebur ɗaya da kwalin matattun wayoyi. Ta zo da azahar, ta ciro wata 'yar waya mai madannai, irin wadda ake kira rakani-kashi, an ɗaure murfinta da roba.

"Ba ya shan caji," ta ce.

Suhaib, wanda bakinsa ba ya iya riƙe ra'ayi, ya juya wayar a hannu ya ce, "Hajiya, wannan ai ba gyara yake so ba, sutura yake so. Ni wayan da ba ya WhatsApp tocila nake ce masa."

"Naka mai WhatsApp ɗin, ba kullum yana rataye a soket ba? Nawa sai ya yi sati bai nemi wuta ba. In za ka gyara ka gyara, Injiniya."

Ya gyara. Ya kuma ƙi yarda ta tafi sai da ta bar lamba, wai ko cajin zai sake ba da matsala. Ƙarya yake yi, ya san aikinsa. Da yamma saƙonsa ya shiga:

"Hajiya Rakani, ya jikin tsohon? Ina fata yana cin abinci."

Ta mayar: "Yana gaishe ka. Ya ce ka rage surutu."

Daga nan shi ke nan. Sa'adiyya tana koyarwa a wata firamare a Girei, kuma duk ranar da ta tsallako gada ta dawo, sai ƙafarta ta bi ta kasuwa. Su yi ta musu a kan waya. Shi ya ce allon taɓawa rahama ne, ita ta ce allon da ke fashewa don ya ga ƙasa ba rahama ba ne. Har Android sabuwa ya taɓa kawo mata a kwali, ta yi godiya ta mayar masa.

"Sa'ata, me ke tsakaninki da wannan tsohon?"

"Wata rana zan gaya maka."

Da ma ta gaya masa a ranar.

Da zancen ya kai Yola Gari, gidan Bappa, ƙanin mahaifinta da ya riƙe su ita da mahaifiyarta Dada tun gudun da suka yi daga Mubi, sai tsohon ya murtuke fuska. Shi Taufiq yake so mata, wani ma'aikacin gwamnati mai mota.

"Mai gyaran waya?" ya ce. "Mutanen da idonsu ya gama yawo a hotunan matan mutane? Ba a gidana ba."

Bappa bai san Suhaib ba. Yaron yana da doka guda da ko maigidan da ya koya masa aiki ya sha yi masa tsiya a kanta: ba ya buɗe abin da ke cikin wayar kowa. Ya kwashe lambobi zuwa sim, ya zare memori ya ajiye gefe, sauran kuwa ba ruwansa.

Ana cikin wannan ja-in-ja tsohuwar waya ta sanƙare. In an kunna sai ta tsaya a hasken farko, ba gaba ba baya. Sa'adiyya ta kawo ta da safe tana saurin zuwa makaranta.

"Ka lallaɓa shi, don Allah. Kar ka taɓa min komai a ciki."

Kowane kwastoma haka yake cewa. Suhaib ya zare sim da memori, ya yi abin da duk mai gyara a layin zai yi wa wayar da ta sanƙare: ya jona ta da kwamfuta ya yi mata filashin, wato ya goge komai na cikinta ya sake ɗora mata manhaja. Ta wanke tas, ta tashi garau. Har murfi sabo ya sa mata don ya burge.

Da la'asar ta zo, ya miƙa mata yana washe baki. Ta danna, ta shiga wajen naɗar murya. Ba komai. Ta fita ta sake shiga. Ta ɗago ta dube shi.

"Suhaib, ina Baba?"

Bai gane ba sai da ta zauna a kan benci ta faɗa masa, idonta a ƙasa. Wayar ta mahaifinta ce, Malam Hamajoɗa. Ranar da 'yan bindiga suka shiga Mubi, ya tura su gaba ita da Dada, shi ya koma ɗauko wata tsohuwa maƙwabciyarsu. Ya danƙa wa Sa'adiyya wayar ya ce ta riƙe, zai ari ta wani ya kira ta. Bai kira ba, kuma ba wanda ya ga kabarinsa. A cikin wayar kanta, ba a memori ba, akwai wata 'yar murya da ta naɗa da wasa tana yarinya, yana dariya yana cewa, "Sa'a, ajiye wayan nan ki kawo min buta." Ita ke nan abin da ya rage. Ko hoto ba su fito da shi ba.

"Ban sani ba," ya ce. "Wallahi ban taɓa buɗewa ba."

"Na sani. Da ka buɗe da ka gani."

Ba ta yi masa faɗa ba, kuma hakan ya fi yi masa ciwo. Ta tashi ta tafi. Ya gwada duk wata manhajar dawo da abin da aka goge, ya kira har abokan sana'arsa na Kano, kowa ya ce a irin wannan wayar abin da ya tafi ya tafi. Ya rubuta mata:

"Sa'ata, na kasa. Ba ni da bakin ba ki haƙuri, amma ki yafe min."

Sai washegari ta amsa: "Na yafe. Amma in na ga fuskarka sai in ji kamar yau aka raba ni da shi. Ka bar ni."

Damina ta wuce ba ta bi ta kasuwa ba. Motar Taufiq ta fara tsayawa a ƙofar gidan Bappa. Suhaib ya rame, ya daina musun waya da kowa, har maƙwabtansa na layi suka fara kewar surutun da suke ƙorafi a kai.

Da abin ya ishe shi ya je ya durƙusa gaban Dada, ranar da ya san Sa'adiyya na makaranta.

"Yarinyan nan ba ya cin abinci," Dada ta ce. "Malam ɗin ma, Allah ya ji ƙansa, ba ya son a ɗauke shi hoto. Amma duk auren unguwa shi ake kira ya yi addu'a."

Suhaib ya ɗago kai. Aure ai ana ɗaukarsa a bidiyo, kuma ya san halin masu bidiyo, ba sa yar da tsohon aiki. Ya shiga bin masu tura fina-finai da suka gudo daga Mubi, wannan ya tura shi wajen wancan, har ya dace da wani Albert a Dubeli, wanda ya tsere da hadis ɗin kwamfutarsa, wato rumbun da take ajiye bidiyo, a naɗe cikin riga.

"Auren Mubi kam yana ciki cunkus," Albert ya ce. "Amma ka san fuskan mutumin?"

Suhaib bai san fuskarsa ba, bai san muryarsa ba. Sai ya ɗauko Dada a keke-napep. Suka yi kwanaki suna kallon bikin mutanen da wasunsu ma yanzu ba sa duniya, Albert yana kiran sunayensu a hankali. Rannan wani siririn dattijo da ya ba kyamara baya ya ɗaga hannu ya ce, "Bismillahi." Dada ta dafe ƙirji ta rufe fuska da mayafi.

A zauren Bappa aka kunna. Tsohon ya ji muryar yayansa, hawaye ya jiƙa masa gemu bai share ba. Sa'adiyya tana bakin ƙofa, ta saurara har ƙarshe.

"Bai kira sunana ba," ta ce.

"Bai kira ba," in ji Suhaib. "Wancan ni na ɓatar, kuma ba zan iya dawo miki da shi ba har abada. Wannan kaɗai na samo."

Ta daɗe tana kallonsa, ta ga yadda rigarsa ta yi masa yawa. Sannan ta miƙa masa tsohuwar wayar.

"Sa min a ciki, Injiniya. Ka ajiye a wani wajen kuma."

Bappa, wanda Dada ta riga ta faɗa wa yadda aka yi muryar farko ta salwanta, ya gyara zama ya ce, "Yaron da bai leƙa wayan 'yata ba alhali yana hannunsa, na ba shi. Ya turo manyansa."

An ɗaura aure ranar Juma'a a Yola Gari. Da aka kai amarya gidansu a Dubeli, jama'a suka watse, ta zauna a bakin gado tana kuka, irin kukan da ba na al'ada ba. Suhaib ya zauna gefenta. Ta ciro rakani-kashi, ta danna, ta ajiye a tsakaninsu.

Ta ƙaramar sifikar nan mai shaƙewa, Malam Hamajoɗa ya yi gyaran murya.

"Allah ya ba ango da amarya zaman lafiya. Allah ya sa su yi haƙuri da juna. Wanda ya ɓata wa ɗan'uwansa, Allah ya sa a yafe masa. Allah ya yi musu albarka."

Sa'adiyya ta ɗaga tafukanta masu lalle, Suhaib ya ɗaga nasa.

"Amin, Baba," ta ce.