Sunan da Aka Buga a Gindin Buhu

Ranar kasuwar Daudawa wani manomi, Ɗanlahadi, ya farke buhun takin zamani a gaban jama'a. Yashi ne da farar tsakuwa. Manoman Ruwan Godiya sun riga sun zuba buhu arba'in, masararsu ta yi ruwan ɗorawa, mai sayarwa kuma ya yi layar zana.

Sufeto Hadi na Faskari ya juya buhun. Can a gindi, da ƙananan haruffa, ga hoton zangarniyar gero da rubutu: Zanen Awwal, Kankara.

A Kankara ba wanda ya san sunan. Zangarniyar dai ya gan ta a allon wani ɗan shago, Zanen Mansura. Mai shagon ɗalibar zane ce a shekarar ƙarshe. Shekara biyu tana tallar sunanta, daga katin biki zuwa allon kanti, kowane aiki sai ta maƙala tambarinta a ƙasa. Yanzu manoma na neman mai zangarniya ruwa a jallo, kuma idan laifin ya hau kanta, shago da karatu sun tafi.

Sufeto ya ajiye buhun a gabanta. "Tambarinki ne?"

"Nawa ne, Yallaɓai. Amma ban taɓa zana buhun taki ba."

"Wane ne Awwal?"

Ta sunkuyar da kai.

Gide, mai buga mata aiki, ya baje wa Sufeto duk abin da ta taɓa kawowa. Ko'ina Mansura ne. Bilki, abokiyar karatunta da suka sha faɗa kan masu kawo aiki, ta yi tsaki.

"Ni ko sonta ba ni yi, amma wallahi ban taɓa jin wani Awwal ba."

Sufeto ya nufi gidan su Mansura. Mahaifiyarta, Hajiya Suwaiba, ta yi magana daga bayan labule.

"Da farko sunan marigayi maigidan nan ta sa ma shagon. Na ce mata, ɗiyata, kin san bakina bai kama sunan nan. In an tambaye ni shagonki in ce mi? Kwana uku ta canza."

Abin da yake nema ke nan: Awwal mahaifin Mansura ne. Macen da ba ta faɗin sunan mijinta ko bayan ransa ta kashe sunan kafin ya leƙa waje. Ya koma shagon.

"A kwana ukun nan, aikin wa kika yi?"

Mansura ta fashe da kuka. Tun ganin buhun ta gane.

"Baba Salihu, ƙanen mahaifina. Shi ya riƙe mu bayan rasuwar. Buhun irin masara ya ce in zana mashi, na tura ta waya."

A rumbun ajiyar Salihu da ke Sabuwa aka tarar da tulin yashi, injin ɗinkin buhu, da buhuna ɗari biyu da ba a cika ba. Salihu ya fara rantse-rantse. Sufeto ya bari ya gama.

"Alhaji, mutum uku suka san sunan nan: yarinyar, uwarta, da wanda aka tura wa zanen. Ka kai wani wuri aka canza manyan haruffa, irin masara ya koma taki. Ƙananan ba wanda ya taɓa."

Salihu bai yi boko ba. Ya kai buhun kusa da ido.

"Ni na ɗauka ado ne. Mi aka rubuta?"

"Sunan yayanka."

Ya zauna daɓas a kan yashin.

An wanke Mansura a takarda. Sai dai manomi ba ruwansa da takardar 'yan sanda, abin da idonsa ya gani a buhu shi ya sani. Abin ya tsaya wa Sufeto a rai, don ya kama ɓarawo amma bai ceci kowa ba. Bayan mako biyu ya bi ta Kankara, ya iske ta a kan benci tana shafe allon shagonta da farin fenti.

"Wane suna za ki sa yanzu?"

"Ban sani ba, Yallaɓai. Na Baba ya ɓaci, nawa ya ɓaci. Ba ni da na uku."